Bayan Yaye Maganarsa Ta Ɗauke

Ɗan ƙanwata yana da wata 22 aka yaye shi. Kamar yadda aka gada a ƙauyenmu, can tsakanin Gumel da Maigatari, Iya ce ta je ta goyo shi ta kawo shi gidanmu don ya manta da nono. Kafin ranar yana da 'yan kalmominsa, yana cewa "mama" in nono yake so, yana cewa "ruwa", yana cewa "zo". Da aka mayar da shi bayan sati uku babu ko ɗaya a bakinsa. A tsaya a bayansa a yi ta kiran sunansa, ko gezau. Amma a taɓa ledar ƙuli-ƙuli a ƙuryar ɗaki, sai ga shi tsaye a bakin ƙofa. Ledar nan ce ta hana mu cewa kurma ne.

Kafin wata ya zagayo kowa ya samo dalilinsa. Iya ta ce iska ce, don an taɓa ganinsa yana wasa a gindin tsamiyar bayan gida da almuru. Dangin uban suka ce kwanika ce, tunda a lokacin ƙanwata na da ƙaramin ciki, wai lalataccen nono ya sha. Wani maƙwabci ya tuno cewa 'yan watannin baya an yi masa allurar ƙyanda. Ita uwar ba ta ce uffan ba, amma na ga irin kallon da take bin ɗakin abokiyar zamanta da shi.

Na daɗe ina juya dalilan nan. Abin da ya haɗa su lokaci ne. Tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ake yaye ɗan Bahaushe, a nan uwa kan samu wani cikin, a nan ƙafar yaro ke yin ƙwari ya fara fita shi kaɗai, allurar ƙyanda ta biyu kuma a wata 15 ake yin ta. To a daidai wannan tsakanin ne lalurar da likitoci ke kira otizim ta fi bayyana, a Jigawa ne ko a Japan. Wajen ɗaya cikin huɗu na yaran da ke da ita sukan fara magana sannan maganar ta ɗauke, galibi kafin su cika shekara biyu. Asalin abin kuwa tun yaro na ciki yake somawa, a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa. Ba a gane shi a jinjiri ne kawai saboda ba wanda ke neman hira ko wasa da sa'o'i wajen jinjiri. Zakara kan yi cara gari ya waye, amma wanda ya yanka zakaransa jiya ma gari zai waye masa.

Sai matsalar suna. A rediyo za ka ji ana cewa galahanga, amma kalmar ta zama buhun da ake zuba komai a ciki. Yaron da ya sha wuya wajen haihuwa har wuyansa ya kasa tsayawa, wanda a ƙauye ake ce wa ɗan ruwa, galahanga ne. Wanda shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana jariri, shi ma haka, mai otizim ma haka, alhali buƙatar kowanne daban take. Mai otizim sau da yawa jikinsa garau yake. Ya zauna a kan kari, ya yi rarrafe, ya miƙe, wani ma ya fi sa'o'insa gudu da hawan katanga. Shi ya sa a ƙauye ba a lissafa shi cikin marasa lafiya. Sunayen da yake samu na hali ne: mai taurin kai, miskili, dolo, gaula, in abin ya yi tsanani a ce taɓaɓɓe. Kuma sunan da aka laƙaba wa yaro shi ke yanke abin da za a yi masa. Mai taurin kai bulala, mai iska hayaƙi, taɓaɓɓe igiya.

Abu biyu likitoci ke dubawa, kuma sai sun haɗu a yaro ɗaya. Na farko mu'amala. Ɗan shekara ɗaya da rabi in ya ga jirgi a sama yakan nuna da yatsa, ya juyo ya dubi uwarsa, ya sake duban jirgin, so yake su gani tare. Ɗan ƙanwata bai taɓa yin haka ba. In ƙishirwa ta kama shi sai ya cafki hannun duk wanda ke kusa, ya ja shi har gaban randa, ya ɗora hannun a kan moɗa, bai ko ɗaga kai ya ga hannun wa ya kamo ba. Yara na tuwon ƙasa da 'yar tsana, shi yana gefe. Na biyu maimaita abu ɗaya da ƙin sauyi. Yakan tara ƙwallayen goruba ya jera su a gindin katanga daga babba zuwa ƙarami, in kaza ta ture ɗaya sai ya watsar da duka ya faro daga farko. A kan yatsun ƙafa yake tafiya, in ya ji daɗi ya yi ta kaɗa hannuwa kamar mai fifita wuta. Da maganar ta soma dawowa yana shekara huɗu, sai ta dawo da amsa-kuwwa. Ka ce masa "Kana son koko?" ya ce "Kana son koko?" Sai da muka yi watanni kafin mu gane cewa wannan ita ce "e" ɗinsa.

Abin da mutanen gida suka fi kasa ganewa shi ne yadda jikin irin yaran nan ke karɓar ƙara da haske da taɓi. Injin niƙan da mu kunnenmu ya saba da shi har ba ma jin sa, a kan wani yaron kamar guduma yake sauka. Ranar bikin wata 'yar uwarmu mata suka rangaɗa guɗa a tsakar gida, yaron ya toshe kunnuwa ya zube yana buga kai da daɓe. Nan take wata tsohuwa ta ce, "Kun gani ko? Mutanen nasa ne suka tashi." Ni dai abin da na gani yaro ne da ƙara ta fi ƙarfinsa, ba bakin cewa a yi shiru, ba hanyar fita don mata sun cika zaure. Aka ɗauke shi zuwa bayan rumbu, ba a jima ba ya lafa. Abinci ma haka. Shekara biyu cur bai yarda da miya mai yauƙi ba, kuka ce ko kuɓewa, gayan tuwo yake ci sai koko. Wani yaron kuma akasin haka ne, zai taka ƙaya ko garwashi bai yi kuka ba, sai an ga yana ɗingishi.

Ko a ƙasashen Turawa lalurar ba ta daɗe da samun suna ba. A 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu irin wannan hali. Shekara guda bayan haka wani likitan yara, Hans Asperger, a birnin Biyena ya bayyana wasu yaran da ke zuba magana kamar manya amma sun kasa zama da sa'o'insu. An daɗe ana ɗaukar su abu biyu. Wata likita 'yar Ingila, Lorna Wing, wadda 'yar cikinta ke da lalurar, ita ta dage cewa abu ɗaya ne mai faɗi, a 2013 kuma likitocin Amurka suka haɗe su a ƙarƙashin suna guda. Faɗin nan ne ke rikita mutane. A can ƙarshe akwai wanda har ya girma ba zai yi magana ba, sai an yi masa wanka an kai shi bayan gida. A ɗaya ƙarshen akwai mutumin da kowane gari ke da irinsa: ya sauke Alƙur'ani da wuri, lissafin shagonsa bai taɓa kuskure ba, amma ba ya zaman majalisa, ba ya gane ba'a, ka ce masa hannunka mai sanda ya duba hannunsa. Kada kuma a ɗauka kowannensu na ɗauke da wata baiwa ta ban mamaki. Wasu na da ita, da yawa babu, wajen ɗaya cikin uku ma suna da raunin fahimta a haɗe. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta wajen yaro 1 cikin 100, wato garin da ke da yara 1,000 zai iya samun goma. Ana gano ta a maza kusan ninki huɗu na mata.

Wannan gibi na maza da mata ina zargin kunya na ƙara shi a wajenmu. Littattafan likitoci sun sa rashin haɗa ido a sahun gaba na alamomi, mu kuwa yaron da ke kafe babba da ido shi ne mara tarbiyya. Yarinyar da ke raɓe a lungu, ba ta shiga cikin yara, ba ta kallon kowa, yabo take sha: "Ai wance akwai natsuwa." Sai an kai ta ɗakin miji, ga surukai ga dangin miji ga baƙi kullum, komai ya cakuɗe mata, sannan a ce asiri aka yi mata. Don haka ma'aunin da ya dace da mu wanda ba ruwansa da kunya ne. Shin yaro na waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuni da yatsa? Yakan ɗauko abu ya kawo wa kakarsa ko yayar da ke goyonsa don kawai ta gani?

Gado ne ke da kaso mafi tsoka a cikin sababin. Tun 1977 binciken tagwaye a Ingila ya nuna cewa tagwayen ƙwai ɗaya sun fi haɗuwa a kan lalurar nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin gado ɗaruruwa ne ke da hannu, daga wajen uwa da wajen uba, wasu kuma sababbin sauye-sauye ne da babu su a jikin iyayen. Gidan da ya samu yaro ɗaya, yiwuwar ƙaninsa ya zo da ita ta kai kusan ɗaya cikin biyar. Haihuwar bakwaini na ƙara yiwuwar, haka wahalar naƙudar da ta hana jariri numfashi, da wani nau'in maganin farfaɗiya in mai ciki ta sha shi, shi ya sa mai farfaɗiya ke buƙatar shawarar likita tun kafin ciki, ba ta ajiye magani da kanta ba. Akwai kuma yawan shekarun uwa ko uba. Na ambaci uba da gangan. Yawancin 'ya'yan tsufa lafiya lau suke, amma na ga dattijon da ya haura sittin ya auri yarinya, aka haifi mai lalura, ya ce daga danginta ne, ya miƙa mata takarda.

Ɗora wa uwa laifi ba mu muka fara ba. Shekaru da dama likitocin Amurka na koyar da cewa sanyin halin uwa da rashin jan ɗa a jiki ne ke jawo otizim, har bincike ya rushe zancen. Wannan ya faɗo mini ranar da wani ma'aikacin lafiya ya ce wa ƙanwata laifinta ne, ba ta yi wa yaron hira. Gaskiya ne ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Amma haka aka reni duk 'ya'yan farin garinmu, har da ni mai wannan rubutu, kuma ba wanda zai ce bakina ya mutu.

Batun allura sai an taka a hankali, don mu ganau ne. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano na kusan shekara guda, cutar ta tsallaka har wasu ƙasashe. Zargin cewa allurar ƙyanda na kawo otizim daga Ingila ya taso a 1998, a rubutun wani likita, Andrew Wakefield, kan yara 12 kacal. Daga baya aka gano ya murɗe bayanan, a 2010 mujallar da ta buga shi ta janye rubutun, aka kuma hana shi aikin likita. A Denmak an bi diddigin yara fiye da 650,000, waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga ta ƙara komai ba. Ƙyanda kuwa mun san aikinta, makafi da kurame da ƙananan kaburbura.

Shekara biyu ƙanwata da maigidanta suka yi suna neman magani. Tumaki biyu da buhun riɗi suka tafi a haka. Wanzami ya leƙa ƙarƙashin harshe ya ce linzami ne, ya yanka. An yi turare, an yi wankan saiwoyi, an kai shi wajen wani mai ruƙiyya da ya ce sai an daki aljanin. Uban ya ga shatar bulala a gadon bayan ɗansa, ya saɓo shi suka dawo. Ba ni da ja da addu'a. Har gobe Iya na tofa masa Falaƙi da Nasi in ya kwana a wajenta, kuma yana so, har ma ba ya barci sai an yi. Abin da nake ja da shi duka ne, da shaƙa wa yaro hayaƙi, da turu. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da mari a Najeriya, a gidajen maganin gargajiya da na addini har da wasu na gwamnati. Wanda ya san ƙauye ya san akwai wanda ba ya shiga rahoto, wato yaron da aka ɗaure ƙafarsa da turmi a bayan ɗaki. Ba zan kira uwar da ta yi haka muguwa ba. Ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga goyo, yaron kuma da ta juya baya ya fice. Tsoronta na kan hanya, don da yawansu ruwa na jan su, ba su kuma san haɗarinsa ba, nutsewa na cikin abubuwan da suka fi kashe masu ficewar nan. Amma murfin rijiya, da sakata can sama a ƙofar zaure, da gaya wa unguwa duka cewa duk wanda ya gan shi ya nufi kududdufi ya riƙo shi, sun fi igiya tsare shi, musamman da damina.

Asibiti ma ba shi da allurar da ke warkar da otizim. Duk wanda ya ce yana da ita, da farar riga yake ko da rawani, aljihunka yake hange. Duk da haka zuwa na da amfani. A can za a gwada jin yaro, don sanƙarau da ƙyanda sun bar mana kurame da yawa da ake ɗauka wani abu ne daban. Farfaɗiya kan zo tare da otizim, ita kuwa tana da magani, haka rashin barci da cutar da kai in sun yi tsanani. Daga asibitin ƙaramar hukuma akan tura mutum Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse, ko na ƙwaƙwalwa a Dawanau ko Kazaure. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ta. Kallon yaron likita ke yi, ya yi ta jero wa mai renonsa tambayoyi. Saboda haka uwa ce ya kamata ta shiga ɗakin likita, ba kawu irina da aka tura don ya iya Turanci ba.

Sauran aikin duk a tsakar gida yake. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya da ta tashi tsara shiri don wuraren da ƙwararru suka yi ƙaranci, iyaye da masu reno ta nufa da horon. A gidan ƙanwata wadda ta fara samo kan yaron 'yar abokiyar zaman nan ce da ake zargi, yarinya 'yar shekara goma. Ba wanda ya koya mata. Ta zauna gefensa yana jera goruba, ta riga shi ɗaukar ƙwallon da zai sa na gaba, ta ɗaga shi daidai fuskarta, ta yi shiru. Dole ya ɗago. Sai ta ce "Ba ni," ta miƙa masa. Haka kullum bayan la'asar. Ranar da ya ce "ba", da gudu ta shiga ɗaki tana kiran "Inna! Inna!" Abin da ƙwararru ke koyarwa ke nan: ka shiga ta ƙofar abin da yaron ke so, ka gajarta magana, ka jira ya nema kafin ka ba shi. Daga nan muka koma nuna masa abu a maimakon dogon bayani. Buta na nufin bayan gida, kwano abinci, takalmi fita. In za a je unguwa tun da safe ake nuna masa takalmin, don ba-zata ce ke birkita shi. Sa riga ma sai da aka gutsuttsura masa, kai yau, hannu ɗaya wani satin. In kuma ya tashi da ihu ba gaira ba dalili, kafin a ce halin ne ya motsa sai a duba haƙori da kunne da ciki. Sau biyu abin ya zama ciwon kunne ne.

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun yi gaskiya a kan lokaci, don ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi karɓar koyo. Inda suka kauce shi ne da suka fassara tanƙwarawa da dorina. Makarantar allo na iya karɓar wasu yaran nan sosai, tunda karatu ne na maimaici a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, in an dace da malamin da zai zaunar da shi a gefe nesa da hayaniya, ya kuma hana gardawa taɓa shi. Tura shi almajiranci wani gari kuwa, yaron da ba zai iya faɗin sunan ubansa ko na garinsu ba, jefar da shi ne.

Ina ganin ƙauye na da wani jari da bai san yana da shi ba. Yau kamar jiya take, fuskokin da yaro zai gani gobe su ya gani yau, ga aikin hannu da ake koyo da ido. Yaro na farko a jerin Kanner, Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Forest a jihar Misisifi. Yana yaro aka kai shi riƙo wajen wasu manoma. Da suka ga ba abin da yake so kamar ƙirge, sai suka sa shi ƙirga kunyoyin masara yana nome su. Ya girma ya yi aikin banki a garinsu, mutanen gari suka san halinsa suka tsaya masa, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Wata Ba'amurkiya mai lalurar, Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, ta zama farfesar kiwon dabbobi a Kolorado, don tana lura da ƙananan abubuwan da ke firgita shanu, inuwa ko sarƙar da ke lilo, waɗanda sauran mutane ba sa gani. Ba kowane yaro ne zai kai nan ba, kuma su biyun sun fito daga gidajen masu hali. Mu namu ƙarfin yawan hannu ne, in aka raba ɗawainiyar ba a bar wa uwa ita kaɗai ba.

Lalurar ba ta ƙarewa da ƙuruciya. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu ba tare da tsangwama ba, amma kafin ta iso ajin da malami ɗaya ke fama da yara fiye da ɗari akwai tafiya. 'Ya'ya mata sun fi shiga haɗari, don mugu ya san wadda ba za ta iya ba da labari ba. Aure kuma da ake cewa zai sa ta hankali, in ba a gaya wa mijin da danginsa gaskiya ba, wata uku ne ta dawo. Wasu na yin auren su zauna lafiya, musamman masu sauƙin lalurar da aka haɗa da wanda ya san su tun fil azal.

Kwanaki ƙanwata ta raka ni zaure, ta tsaya tana murza bakin mayafi. Ta ce, "Yaya, in na faɗi na mutu wa zai riƙe shi?" Na ce mata tun yanzu za mu fara sabar da shi kwana a gidana ranar Alhamis, in uban ya tafi kasuwar Maigatari, kuma mun fara. Yanzu shekararsa tara. Kalmominsa ba su da yawa, har yau ba ya shiga gidan biki, amma shi ke kora awakin gidansu bakin fadama tare da yayar tasa. Wani yammaci da kaka suka dawo, aka ɗaure awaki, ya ƙi shiga gida. Ya tsaya a ƙofar garke yana kaɗa hannu yana cewa "Saura ɗaya, saura ɗaya." Uban ya ƙirga ya ce sun cika. Yayar ta sake ƙirgawa da fitilar waya, ashe akuyar maƙwabta ce ta biyo su ta cike gurbin. Jar 'yar burguma tasu tana can cikin karan gonar liman, sai bayan isha'i aka samo ta.